A-Kori-Kurar Mahaifina Da Buhu 12 Na Citta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kachiya daga Kaduna ya san Mararaban Rido, ko da bai taɓa sauka ba. In ka wuce Sabon Tasha, ka hango dogayen bututun matatar man nan da aka buɗe cikin 1980, to, ka iso unguwarmu. A nan aka haife ni. A nan kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana fita da asuba cikin wata tsohuwar Fijo 404, irin wadda ake kira a-kori-kura, ya shiga ƙauyukan kudancin jihar nan ya sayo busasshiyar citta, ya kawo wa manyan 'yan kasuwa a Kaduna. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya biya mana kuɗin makaranta.

Cikin farkon 2018 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa magana. Aka tura motar ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, aka rufa mata tamfol, ta zauna nan shekara shida, har kaji suka mai da bayanta wurin saka ƙwai. Da daminar 2024 Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki, malamin da muka kira don rabon gado ya zauna, tun bai tambayi abin da mamaci ya bari ba, sai ya ce, “Akwai wanda ke binsa bashi?” Ya tuna mana cewa a shari'a ba a taɓa gado sai an biya bashin mamaci.

Mahaifiyarmu ta tashi ba ta ce kome ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango wanda ta ciro daga aljihun motar. Da ajami yake rubutu. Kowane layi da laƙabin manomi, da ƙauyensa, da yawan buhunan da aka ɗauka, kuma duk wanda aka biya an ja masa layi an soke. Muka bi shafi shafi, sai a na ƙarshe muka tarad da layi guda wanda ba a soke ba: buhu 12, an ɗauka bashi, za a biya a komawa ta gaba. Komawar da Allah bai nufa ba ke nan. Babu lambar waya, babu cikakken suna. Sunan ƙauyen ya fara da Kurmi, sauran kuwa ruwan da ya yoyo ta gilashi ya cinye tawadar. Wanda ya san ƙasar Kachiya da ta Jaba ya san garuruwa masu suna Kurmin wane da Kurmin wance ba su ƙirguwa da yatsun hannu.

Ƙanena ya ce a kai motar Panteka a sayar da ita a ƙarfe, a yi sadaka da kuɗin da sunan mai citta, a huta. Malam ya girgiza kai. Ya ce wannan mafita ce ta wanda ya nema har ya gaji bai samu ba, mu kuwa ko ƙofar gida ba mu fita ba.

Sai na tafi wurin tsohon yaron motar mahaifina, wanda muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya yi shekara goma sha biyar a bayan motar nan kafin ya sami tasa sana'ar tuƙi. Na gaya masa ina so in shiga motar haya zuwa Kachiya, in hau acaɓa in bi ƙauyukan. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Yaro, wa ya san ka a can? Baƙo ya sauka daga babur yana tambayar gidan wane a wannan zamani, kana tsammani za a nuna masa? Motar suka sani. Ka tashe ta, ita za ta yi maka magana.” Daga nan aka fara shiri.

Ko da yake kamfanin Fijo na Kakuri ya fara haɗa motoci tun 1975, har Fijo ta zama kamar 'yar gida a Kaduna, masu gyaran 404 sun yi ƙaranci yanzu. Da ƙyar muka sami wani dattijo wanda ya koyi aikin tun yana saurayi. Ya zo da akwatin sifanunsa, ya zagaya motar sau biyu, ya hana ni taɓa makulli. Ya ce, “Ɗan jarida, mutumin da ya yi shekara shida a kwance ba a ce masa tashi ka yi gudu.” Ya kwance fulogi huɗun nan, ya ɗiga baƙin mai kaɗan cikin kowane rami, ya bar shi ya kwana, kashegari ya juya injin da hannu a hankali har ya tabbata bai ƙame ba. Sa'an nan ya sauke tanki aka wanke, domin fetur in ya daɗe yakan zama kamar ƙaro, ya toshe bututu da kafireto. Ya juye tsohon baƙin mai, da man giya, da na tukunyar nan da ke tsakanin tayoyin baya. Ɓeraye sun ci wayoyi a wuri uku, aka sake su. Ranar da ta tashi, ta yi tari ta zubo hayaƙi, mahaifiyarmu tana cikin gida ta ji ƙarar, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Ni a nawa wayon, tun da injin ya tashi an gama. Dattijon ya ce yanzu aka fara. Abin da na koya a wurinsa shi ne, a tsohuwar mota ƙarfe yana da haƙuri, roba ce ba ta da shi. Duk abin da ke na roba ya ce a cire, ko da ido ya ga lafiyarsa lau: tiyon lagireto na sama da na ƙasa, fanbel, bututun fetur, robobin birki. Man birki ma aka zubar aka sake, don yana shan danshi in ya daɗe, ranar da birki ya yi zafi a gangara sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. Aka kai lagireto aka wanke shi har ruwa ya fito garau. Aka sake shakazoba huɗu, aka duba sifirin na baya ganye ganye, aka ɗaure salansa da kyau, aka cika duk gaɓar da ke shan giris.

Wajen taya ne na kusa yin kuskure saboda son araha. Na ga wasu 'yan Kwatano masu kyawun zane, har na yi ciniki, sai dattijon ya sunkuya ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ashe wadda nake yabo ta haura shekara goma a duniya, gefenta duk ya yi 'yan tsage-tsage. Muka sayi sababbi huɗu, muka zaɓi biyu mafi ƙwari muka yi safaya, kowace da tif a ciki, domin mai facin ƙauye ya iya da tif, kai ma in ta kama kana iya liƙe shi a gindin bishiya. Kuɗin taya kaɗai ya cinye mini albashin wata da wani abu.

Ran nan na dawo daga ofis na tarad da motar ta yi tsaf a ciki, amma waje duk tsatsa da kojewa. Launinta shuɗi ne da can, rana ta mai da shi kamar toka. Ƙofar direba tana da wani lotsawa tun ina firamare. A marfin baya akwai rubutun da mahaifina ya sa aka yi, Sannu Ba Ta Hana Zuwa, rabinsa ya goge. Na ji kunyar a gan ni cikinta haka, na kira mai fenti muka yi tsada. Da Kawu ya ji, sai ya zo har gida da dare. Ban taɓa ganin ya ɓata rai haka ba. Ya ce, “In ka shafe ta, ka shafe sunan ubanka. Wannan lotsawar, a ƙasar Jaba aka yi ta, saniya ce ta tunkure ta, kuma rabin gari suna wurin. Ka bar ta yadda suka san ta.” Abin da ya yarda kawai shi ne a bi rubutun bayan da farin fenti, harafi bisa harafi, kada a canja ko ɗigo. Na biya mai fenti kuɗin wahalarsa ya tafi.

Sai maganar kaya. Na karanta yadda mutanen Ostareliya da Afirka ta Kudu ke shirya motocinsu in za su kwana a jeji, na kuwa ɗauki abin da zafi. Na ari tanti, na tara katifu uku, da kujerun roba, da tukunyar gas, da ƙaramin janareto, da buhun shinkafa, da akwatin sanyaya ruwa. Da muka loda, bayan motar ya zauna, sifirin ya miƙe sambal kamar sanda. Kawu ya sa aka sauke kome a tsakar gida, ya ɗauki abu ɗaya ɗaya yana tambayata, “In babu wannan, za mu mutu ko za mu kwana a hanya?” In na ce a'a, sai ya tura shi gefe. Janareto ya tafi, kujeru suka tafi, katifu suka koma tabarmi da barguna da gidan sauro, tukunyar gas ta koma ɗan risho, shinkafa ta koma mudu biyar.

Ya ce motar nan an yi ta ne don ta ɗauki abin da ya kusa tan ɗaya a hanya mai kyau, amma a gargada kowane buhu nauyin biyu yake yi, don duk ramin da aka faɗa, kayan sukan tashi su faɗo a kan sifirin. Ita kuma 404 tayoyin baya kaɗai ke ja, ba kamar manyan motocin zamani masu ja da huɗu ba, saboda haka in bayanta ya zama fayau babu kome sai ta riƙa sulɓi a yashi, in kuma ya yi nauyi da yawa sai ta nutse. Dabarar ita ce a sa masu nauyi a ƙasa, a jingine su da bayan kan mota, gaban tayoyin baya, a ɗaure su tamau, marasa nauyi su hau sama.

Abin da ya rage bayan tankaɗen Kawu shi ne wannan. Ruwa jarka huɗu masu lita 25, watau kilo 100 cif, tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, uku na sha da girki da alwala, ɗaya ta lagireto. Fetur jarkar ƙarfe biyu, nesa da risho da ashana. Jak da guntun katako mai faɗi na aza shi, don a ƙasa mai laushi jak shi kaɗai nutsewa yake yi. Dogayen katakai biyu na shimfiɗa wa taya. Shebur, da adda, da igiya mai kauri, da famfon iska na ƙafa, da kayan faci, da tukunyar kashe gobara. Cikin akwatin ƙarfe kuma akwai fanbel, da fulogi, da kwantak, da kwayil, da fis, da ƙwan fitila, da waya, da tsohon tif da aka yayyanka don ɗauri. Har da sandar sabulun wanki, wanda Kawu ya ce in dutse ya huda tanki akan murtsuke shi a liƙe ramin, ya kai ka gari. Muka haɗa da maganin zazzaɓi da na gudawa da bandeji, da garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da kilishi.

Wani ƙunshi ɗaya ne Kawu bai taɓa ba, sai ma ƙara shi da ya yi: gishiri, da sukari, da sabulu, da goro, an ƙulla su kashi kashi. Na ce ai waɗannan ma in babu su ba za mu mutu ba. Ya ce, “Waɗannan su ne kuɗin ɗaki.”

Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ba mai fita doguwar tafiya bai yi lissafi ba. Muka cika tanki, muka je Kujama muka dawo, muka sake cikawa, muka ga lita ɗaya tana kai mu wajen kilomita takwas a kwalta. Kawu ya ce a daji mu lissafa biyar, don giya ɗaya da biyu za a yi ta sha. Wannan gwajin ya tona mana asirin wani tiyo da ke ɗiga, da fitilar baya da ba ta kamawa. Na sabunta takardun mota da inshora. Gara a gane ciwo a Kujama da a gane shi inda ba mai jin kiranka.

Saura babban abin, wanda ba makaniken da ke gyara shi. Ba na ɓoye wa mai karatu, tsoro ya kama mu. Mun ga abin da ya faru a Kasuwan Magani cikin Oktoba 2018. Ran 5 ga Yuli, 2021 kuma, a nan kusa da mu aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist, muna jin kukan iyaye a bakin hanya. Mahaifiyarmu ta ce ta rasa miji, ba ta shirya rasa 'ya'ya biyu a kan citta ba. Na zauna gabanta na ce, “Inna, in muka ci gadon nan da bashin nan a kai, me za mu ce masa?” Ta yi shiru mai tsawo, kana ta ce in kira mata Kawu.

A gabanta ya kafa sharuɗɗa. Ba tafiya kafin gari ya waye sarai, ba tafiya bayan la'asar. Ba za a kafa tanti a dokar daji ba ko sau ɗaya, duk inda za a kwana sai an yi sallama da dagaci ko mai unguwa, shi ya nuna wuri. Kowace safiya a tambayi mutanen gari da 'yan sintirinsu lafiyar hanyar gaba, in sun ce kada a bi, ba gardama. Kuɗin bashin ba za su shiga mota ba, suna banki, sai an ga mai su. Ya kwana uku yana buga waya ga tsofaffin direbobi da dillalan citta, har ya haɗa sunan mutum ɗaya a kowane zango wanda zai san da zuwanmu. Na kwafe jerin biyu, ɗaya na bar wa Inna, ɗaya na bar wa editana. Daga baya na gane wannan 'yar takarda ta fi duk abin da ke cikin akwatin ƙarfe amfani.

Muka tashi ran Asabar, 28 ga Disamba, 2024, ni da ƙanena da Kawu. Mun zaɓi lokacin ne don rafuka sun janye, an haƙe citta ana shanya, kuma 'yan ƙauye mazauna birni sun koma gida hutun Kirsimeti. Muka wuce Kujama, da Kasuwan Magani, da Kufana, da Idon, muka isa Kachiya kafin azahar. Daga nan muka bar kwalta. Ko'ina ka duba citta ce an tsaga an baza a kan duwatsu, ƙamshinta yana shiga har maƙogwaro. Amma manoma suka ce wannan ba kome ba ne in an gwada da da, domin cutar da ta faɗa wa citta da daminar 2023 ta ruɓar da gonaki a Kachiya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, iri ya yi wuya, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Ina jin haka gabana ya faɗi, don malam ya riga ya gaya mana cewa wanda ya ci bashin kaya, kaya zai biya ko ƙimarsu ta ranar biya.

Kwana huɗu muna bin Kurmi bayan Kurmi. Mun kwana a zauren wani dagaci, mun kwana a harabar makarantar firamare, tantin da na ara sau biyu kawai aka kafa shi, duk a cikin gari. Kowace yamma Kawu yakan juya motar ta fuskanci hanya, ya shiga ƙarƙashinta ya cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale a jikin salansa, don ita ke tayar da gobara. Inda yashi ya yi yawa mu rage iskar taya, in mun fita mu buga famfo. Da muka ratsa ta Nok, kusa da Kwoi, na tuna a nan ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu cikin 1928, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu daga baya, masana kuma suka ce mutanen da suka yi su sun fara zama a ƙasar nan tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ashe abin da mu 'yan birni ke kira daji, gonar wani ce tun kaka da kakanni, kuma ba inda za ka kafa turke ba a ƙasar wani ba.

Ran 1 ga Janairu, ranar da mutanen Kagoro ke bikinsu na Afan, ni ke tuƙi, muka iso wani rafi. Ƙa'idar Kawu ita ce a sauka a taka ruwa da ƙafa, a san zurfinsa da abin da ke ƙasa, a shiga da giya ɗaya a hankali, in an fita a riƙa taka birki kaɗan kaɗan har ya bushe. Shi yana gyangyaɗi, ni kuwa na ga ruwan bai kai gwiwa ba, sai na afka da gudu. Ruwa ya fantsama cikin injin ya jiƙa kwayil da wayoyin fulogi, mota ta mutu a tsakiya, tayar baya kuma ta faɗa wani rami, muka ji ƙas, ganyen sifirin ɗaya ya karye. Kawu bai ce mini kome ba, shirun ya fi zagi ciwo.

Muna cikin goge wayoyi da tsumma, sai ga samari wajen goma sun fito daga gonaki, wasu da sanduna, wasu da adduna. Ba su yi sallama ba. Ban ga laifinsu ba, baƙi uku ne a mota a bakin gonarsu, su ma sun ga abin da suka gani a shekarun nan. Suna tambayarmu daga ina, wurin wa, ina ta in'ina, sai wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta tsaya a bayan motar. Ta dubi rubutun, ta zagayo ta shafa lotsawar ƙofa, ta ajiye itacenta ta ce, “Mai-Fijo! Ina Mai-Fijo?” Kawu ya ce mata ya rasu, ga 'ya'yansa. Ta ɗora hannu a ka. Ta juya ta yi wa samarin magana da harshensu, sai ga sanduna a ƙasa, ga mutane cikin ruwa suna turi. Su suka saro mana icce mai ƙwari, aka ɗaure sifirin da shi da robar tif. Da na karanta mata laƙabin da ke littafin, ta nuna da hannu ta ce gari na biyu, gidan da ke gindin ɗorawa.

Kashegari muka same shi, tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni. Tun kafin mu kashe mota ya ce wa jikansa ya san wannan ƙarar. Na durƙusa na ce, “Baba, bashi muka kawo.” Ya ce, “Buhu goma sha biyu.” Bai manta ba. Ya ce shekarar da mahaifina bai komo ba ya san ba lafiya ba, don shekara ashirin suna ciniki ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Babban ɗansa yana tsaye a gefe, ya daɗe bai tanka ba, can ya ce, “Ni kam shekara bakwai ina gaya masa Bahaushe ya cuce shi. Har 'ya'yana na gaya wa.” Ya kira yaran nan, ya sa suka gaishe mu ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon bai ƙi kuɗinsa ba, kuma na ji daɗin haka, don cutar 2023 ta cinye masa iri, gonarsa biyu suna zaune ba shuka. Aka kira mai unguwa da wani dattijon coci suka zama shaidu, aka yi lissafi da farashin ranar. Abin ya fi abin da muka tanada, har ƙanena ya fara maganar sayar da motar. Tsohon ya ce a biya shi takwas, huɗu ya yafe wa abokinsa. Muka ɗauki ɗansa zuwa Kwoi, aka tura masa kuɗin ya gani a wayarsa, maƙerin mota kuma ya sake mana ganyen sifirin. Da muka komo, na ba tsohon alƙalami, na riƙe masa hannu, ya soke layin da kansa.

Muka bi ta Kafanchan, garin da ya tashi a kan mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, muka kwana, da safe muka tsaya a Matsirga muka kalli ruwa yana zubowa daga kan dutse, muka biyo ta Zonkwa da Kachiya zuwa gida. Kwananmu tara. Fanbel da kwantak da sabulu duk sun dawo yadda suka tafi, ƙullin gishiri da goro kuwa ko ɗaya bai dawo ba. Aka raba gado, motar ta faɗa rabon ƙanena, wanda da ya ce a kai ta Panteka. Har yau bai shafe ta ba, ya kuma karɓi lambar wayar ɗan tsohon.

To, jama'a, wanda duk zai shiga ƙauyukanmu da mota ya kwana, ya sake robobinsa, ya duba shekarun tayarsa, ya rage kayansa, ya taka ruwa kafin ya shiga. Amma kafin duk wannan, ya zauna ya rubuta sunan wanda zai yi wa sallama a kowane zango, in kuwa ya ga takardar fayau, to, bai gama shiri ba. Mu mun ci albarkacin sallamar da wani ya yi shekara talatin yana yi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu tun muna da baki, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.